Wa Zai Ɗora wa Mama Laraba?

Har gobe ba zan manta da ranar da wata dattijuwa daga ƙauyen Garatu ta cafke mini wuyan hannu a tsakiyar ɗakin atisaye ba. Ku sababbin ma'aikata kun sha tambayata dalilin da ya sa muke ajiye turmi da ƙwarya da buhunan yashi kusa da na'urori masu tsada, har wani cikinku ya ce ko sakwara muke dakawa in an tashi aiki. To, ku gyara zama, ga asalin abin.

A lokacin ina babbar jami'a a sashen gashi da motsa jiki, wanda mutanen gari ke kira fisiyo, mataki ɗaya ƙasa da shugaban sashe, Oga Ndagi. Ga wanda bai san aikinmu ba, likitan ƙashi shi ke ɗori ko tiyata. Idan ƙashi ya haɗe sai ya turo mana mutum, mu sake koya wa jikinsa aiki. Mu ne kuma muke cewa ya isa a sallame shi ko da saura.

Cikin damina aka kawo mana Mama Laraba. Manomiya ce, ta haura sittin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ke riƙe da gonar doyarsa. Babur ne ya kayar da ita a hanyar kasuwa, ƙashin cinyarta ya karye, aka yi tiyata aka sa ƙarfe. Daga asibiti ɗanta Yohanna, ma'aikacin gwamnati, ya wuce da ita gidansa a unguwar Shango, nan cikin Minna, inda ta yi watanni tana jinya. Ranar farko Yohanna ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da ke ransa ba ɓoye-ɓoye. Ya ce a bana ƙanen mahaifinsa ne ke duba gonar. Idan lokacin tonon doya ya yi Mama ba ta koma yadda za ta iya da kanta ba, zai bar wa baffan nasa gonar gaba ɗaya, ya kulle ɗakinta na Garatu, ta zauna wurinsa har ƙarshen rayuwarta. Ya ce ba zai iya barci a Minna yana tunanin ta faɗi a gona ba kowa kusa ba.

“Hajiya, abin da kuka ce shi zan bi,” in ji shi. “Ni ba likita ba ne.”

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Amma duk wanda ya san ƙauye ya san gonar da aka bar wa dangi ba ta dawowa da sauƙi. Mama ma ta sani.

Muka fara da abin da muka saba. Akwai sandunan ƙarfe biyu da ake dafawa a koyi tafiya, akwai igiyar roba da ake ja da ƙafa, akwai keken nan da ake takawa ba ya motsi. Mama ta hau keken, ta taka, ta taka, sannan ta tsaya ta dube ni. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” take ce musu.

“Likita, kai ka ce in taka, na taka. Wannan keke ina zai kai ni?”

Duk ɗakin aka yi dariya, har da ni. Ita kam ba ta yi ba. Daga ranar ta zama kamar an kawo ta gidan biki inda ba ta san kowa ba. In an ce ɗaga ƙafa ta ɗaga, in an juya baya ta ajiye. Makonni suka wuce ba ci gaba. A taron sashe na ranar Litinin, inda muke bitar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, Oga Ndagi ya ce tsohuwar ba ta ba da haɗin kai, kuma layi ya yi tsawo. Idan ba canji, a koya wa iyalinta atisayen gida a sallame ta da sandar dogarawa. Na san ma'anar wannan: Shango ke nan har abada.

Na roƙi a ƙara mini lokaci. Ban daɗe da dawowa daga wata bita ba, inda aka yi ta nanata mana cewa jiki abin da aka koya masa shi yake iyawa. Wanda ya ƙware a keken ɗaki, keken ɗaki ya iya. In kana so mutum ya iya tashi daga tabarma, tashi daga tabarma za ka koya masa, kaɗan-kaɗan, har ƙafa da ƙugu da baya su koyi aiki tare. Wato atisayen ya kwaikwayi aikin da mutum zai koma yi a gida. Na ce a raina, manomiya ai ɗaukar kaya ne aikinta. Na koma wurin likitan ƙashi, ya sake duba hoton cinyar, ya tabbatar ƙashi ya haɗe, zai ɗauki nauyi in an bi a sannu.

Washegari na zo da daro daga gida, na zuba yashi kaɗan, na naɗe tsohon ɗankwali na yi gammo mai kyau. Ina ta jin daɗin kaina, na ce yau zan burge tsohuwa. Na tsayar da ita, na ɗora gammon a kanta, na ɗago daron. Kafin ya sauka sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Matar da ake cewa ba ta da ƙarfi, wallahi sai da yatsuna suka yi sanyi.

“Kai na ba jaki ba ne,” ta ce, a hankali, ba tsawa. “Shi yana ɗauke da tunani na duk jiki. Ba a ƙara masa.”

Ta cire gammon ta miƙo mini, ta ɗauki sandarta ta fita. Zama biyu a jere ba ta zo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, ni ba baƙuwa ba ce. A Limawa aka haife ni, kakana aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Tun ina yarinya matan Gbagyi, ƙabilar su Mama Laraba, waɗanda mu a gida muke kira Gwarawa, ke kawo wa mahaifiyata itace da doya har ƙofar gida. Ban taɓa ganin ɗaya da kaya a ka ba. A kafaɗa suke ɗauka, can kusa da dokin wuya, kai a ɗan sunkuye, hannu ɗaya a sama yana tallafe. Na gani sau ba adadi, kamar yadda kowa a garin nan ya gani, amma da na sa farar riga na shiga ofis sai na yi tunanin mai ɗaukar kaya irin na gidanmu. Gani daban, lura daban.

Ranar Asabar na hau Keke Napep zuwa Shango. Rahila, matar Yohanna, ta buɗe mini get. Na tarar da Mama a nutse cikin wata lumtsumemiyar kujera gaban talabijin, ƙafa a kan matashi, ruwa a dama, ayaba a hagu. Ta yunƙura za ta ɗauki kofi, Rahila ta riga ta. Ta ce za ta zaga, Rahila ta zo ta cicciɓe ta. Yarinyar kirki ce, tana hidima tsakaninta da Allah. Amma nan take na gane inda ƙarfin da muke tarawa a asibiti yake zubewa.

Na durƙusa na gaida Mama, na ba ta haƙuri. Ta daɗe tana kallon talabijin kafin ta ce ba komai, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ni da na kusa aurar da 'ya, na karɓi yarintar hannu bibbiyu. Sannan na yi mata tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce ta nuna mini yadda take wuni a Garatu, daga farkawa har kwanciya.

Sai ga tsohuwa ta buɗe baki. A tabarma take kwana, ba gado ba. A tsugune take hura wuta. Hanyar gona akwai ɗan rafi da ake tsallakewa a kan duwatsu. A gonar kuma ba wurin da yake shimfiɗe, tsakanin tulin ƙasar da ake shuka doya ake ratsawa, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da ta zo kan ɗaukar kaya magana ta kasa mata, sai ta jawo matashin kujera, ta miƙe, ta aza shi a kafaɗar hagu. Ina kallo bayanta ya miƙe, gwiwoyinta suka ɗan lanƙwasa, ta yi taku uku gajeru ba sanda. Rahila ta dafe ƙirji. Ni kuwa a karon farko na ga matar da ake ba ni labari.

Ranar Litinin na shigo da turmi da kujera 'yar tsugunno, Yohanna kuma ya aika Garatu aka kawo ƙatuwar ƙwaryarta, wadda ta yi baƙi ta yi sheƙi don daɗewa. Oga Ndagi ya tsaya a ƙofa yana kallon kayan.

“Binta, nan asibiti ne ko kasuwar doya? In ta faɗi da kaya a wuya, wa zai amsa tambaya?”

Tambayarsa tana kan hanya, kuma aikinsa ne ya yi ta. Na nuna masa amincewar likitan ƙashi, na bayyana masa tsarin mataki-mataki. Ya amince bisa sharaɗi biyu: a ɗaura mata ɗamarar da muke riƙe marar lafiya da ita ta baya, kuma kada a ƙara nauyi sai ya gani da idonsa.

Ga yadda muka yi, don ku riƙe. Kowane aiki nata muka yanka shi gunduwa-gunduwa. Tashi daga ƙasa, muka fara da kujera mai tsawo, ta zauna ta tashi ba dafawa. Da ya yi sauƙi muka koma benci, daga benci zuwa kifaffen turmi, daga turmi zuwa 'yar tsugunno, daga nan sai tabarma. Tulin doya, muka jera buhunan yashi tana tsallakewa. Duwatsun rafi, muka ajiye bulo nesa-nesa a filin ciyawar da ke bayan sashe. Ƙwarya kuwa da farko wayam take yawo da ita, sannan muka fara zuba yashi da gwangwanin madara. Muka koya mata saukewa ma, ta lanƙwasa gwiwa, kaya manne da jiki, ba ta sunkuya da baya ba. Ba wanda ya sake cewa ba ta ba da haɗin kai. Ita ke riga mu zuwa, in na makara ta ce likita ya cika barci.

Wurin Rahila aka sha daga. Na ce ta bar Mama ta yi shara, ta wanke kwanonta, ta daka yajinta. Ta ce in maƙwabta suka leƙo suka ga surukarta da tsintsiya a gidan ɗanta, da wane ido za ta kalli matan coci? Na ce ta rufe get, in an tambaya ta ce likita ce ta rubuta, kamar magani. Ta yi dariya ta yarda, ko da yake na ji labarin takan bi bayan Mama ta sake share wurin a ɓoye. Ni kaina na ci riba, don kullum tare muke tsugunawa muna tashi. Wata rana na ɗauki tukunyar gas daga but ɗin mota har kicin, sai da na ajiye na tuna ciwon bayan da na saba kuka da shi.

Damina ta ɗauke, ganyen doya ya fara bushewa. Mama tana tashi daga tabarma, tana tsallake buhuna, tana zaga fili da rabin ƙwarya na doya ta gaske. Abu ɗaya ya gagara. Ɗago kaya daga ƙasa zuwa kafaɗa yana buƙatar wani yunƙuri na lokaci guda, ƙafa biyu su tura tare, kuma ƙafar da ta karye ba ta ba da nata kason. Kullum mu muke ɗora mata, tana kawar da kai kamar ba ta gani ba. Na gwada dabarar a fara aza ƙwaryar a kan turmi sannan a shiga ƙarƙashinta, ta ce gonarta ba turmi a kowace kunya. Na zaunar da ita na faɗa mata gaskiya, cewa wannan yunƙurin mai yiwuwa ba zai dawo ba. Ta ce tun da aka binne mijinta ba wanda ya taɓa ɗora mata kaya. Sauran mata sukan ɗora wa juna, ita ce ake nunawa a ce ga Laraba mai ɗauka da kanta. Na ce mata hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta ce nata ya ɗauka.

Ranar gwajin ƙarshe Alhamis ce. A ƙa'ida shugaban sashe yakan halarta, da wani daga iyali. Yohanna ya zo daga ofis da farar riga da takalmi mai sheƙi. Muka fita filin ciyawa. Mama ta kwanta a tabarma ta tashi, ta tsuguna ta miƙe, ta bi bulo ɗaya bayan ɗaya. Yohanna yana ta gyaɗa kai, bai taɓa ganin wannan ba. Sai aka zo kan ƙwarya. Na matso zan ɗora mata kamar kullum, ta ɗaga mini hannu.

Ta tsuguna, ta rungumi ƙwaryar, ta yunƙura. Ta kai gwiwa, ta tsaya, ƙafar tana rawa, ta koma ƙasa. Ta sake, ba ta ma kai gwiwa ba. Da ta yi niyyar na uku na riƙe ɗamarar na ce a'a, don na ga yadda cinyar ke karkarwa. Oga Ndagi ya dubi ƙasa. Ni kuwa zuciyata ta karye, don na san abin da Yohanna ya gani: uwarsa ita kaɗai a gona, da kayan da ba za ta iya ɗagawa ba.

“Mama, ya isa haka,” ya ce da taushin murya. “Kin yi ƙoƙari. Mu je gida.”

Kowa ya san gidan da yake nufi. Mama tana tsugune, hannunta a kan doya, ba ta ɗago ba. Can sai ta yi magana da Gbagyi, 'yan kalmomi kaɗan, ba ta ko dube shi ba. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga fuskar Yohanna ta canza. Sannan ya naɗe hannun riga, ya sa gwiwa a ƙasa, ya kama ƙwaryar ta gindi. Mu a sashe sai mun yi ta gyara kafin ta zauna mata daidai. Shi sau ɗaya ya aza, ta zauna daram a gurbinta, kamar jiya ya bari.

Mama ta miƙe. Ta ratsa buhunan yashi, ta taka bulo, ta kai bakin katanga ta juyo, ina biye da ita riƙe da ɗamara amma ban ja ko sau ɗaya ba. Ta dawo gabanmu, ta lanƙwasa gwiwa ta sauke da kanta, doya ko ɗaya ba ta motsa ba.

Yohanna ya juyo gare ni ya tambaya ko za ta koma kamar da. Na ce a'a. Na ce rabin ƙwarya ne iyakarta, gara ta yi sawu biyu, kuma kullum sai an ɗora mata. In an kiyaye wannan, za ta iya zaman gidanta da aikinta. Ya ce to a can wa zai riƙa ɗora mata? Kafin in buɗe baki Mama ta amsa, wannan karon da Hausa, don mu ma mu ji.

“A Garatu ba a rasa mai ɗora wa mutum kaya. Ni ne ban tambaya ba. A Shango ne kowa ya kulle get.”

Oga Ndagi ya yi gyaran murya ya ce shi dai a wurinsa ta ci jarrabawa. Yohanna ya ɗauki ƙwaryar ya nufi mota. Na bi shi, don abin yana cina, na tambaye shi me ta ce masa da yarensu. Ya daɗe yana gyara doya a but kafin ya amsa.

“Ina ƙarami, in za ta ɗauki kaya nakan yi kuka sai na taya ta. Sai ta bari in sa hannu a gindin ƙwarya, ta ɗaga da kanta, ta ce wa mutane ni na ɗora mata.” Ya rufe but ɗin. “Cewa ta yi, wancan duk wasa ne. Yau zo ka ɗora mini da gaske.”

Ranar Asabar ya mayar da ita Garatu. Gonar ba ta bar hannunta ba, kuma na ji a lokacin tonon doya ba ya fashin zuwa ƙarshen mako.

Tun daga nan ba na fara taɓa marar lafiya sai na ce ya nuna mini wuninsa. Tela da direban tifa da mai sayar da ƙosai ba jiki ɗaya suke buƙata ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na'urorin nan suna da amfani, kada ku raina su, amma ba wanda zai koma gida ya zauna da su. Mutum turminsa zai koma wa, da matakalar gidansa, da jarkar ruwansa, da jikan da ke son a ɗaga shi. Ƙarfin da bai kai shi can ba, ƙarfin ɗakin atisaye ne kawai.

Akwai kuma abin da ban samu a bita ba. Mu a wannan aiki, awonmu kullum shi ne me mutum zai iya yi shi kaɗai, alhali ba wanda yake rayuwa shi kaɗai. Na koya wa Mama Laraba tashi da tsuguno da tsallake da saukewa, kuma ina alfahari da hakan. Amma abin da ya mayar da ita gida, ta buɗe baki ta ce a ɗora mata, shi ne mafi nauyin abin da ta ɗaga a filin nan, kuma ba ni na koya mata ba.